Firoksi Ya Tare Mini Hanya

Yaya Hamzat,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ya jikin Inna, ya mutanen Kwaciri? Ni lafiya lau a Kigali, martabata ta injiniya tana nan daram.

Sai dai kwana tara ke nan firoksi, mai gadin intanet ɗin ofishinmu, ya hana ni sauke manhajojin Python da nake aiki da su. Na sauya adireshi da kalmar sirri, a banza. Tambaya ta gagare ni, domin ranar ganawar ɗaukar aiki na shaida wa mutanen ofis ni gagarabadau ne. Juma'a wa'adin gwajina a wurin aiki zai cika.

Haƙiƙa na taɓa kiran shagon kwamfutarka na Sabon Gari wasan yara. Ka yafe mini, ka rubuto mafita. In babu, a share mini ɗakina na gida.

Ƙaninka,
Fahad