Injin Gem Ɗin Yaya Sada

Daren Laraba, Batsari

Yau na karɓo injin gem ɗin Yaya Sada daga wurin Lawal mai gyaran rediyo. Da ma ban kai masa ba.

Ranar da muka gudo daga Karare ko tiyar gero ban ɗauko ba, wannan tsohon injin na runguma, don shi kaɗai ya rage mini na marigayin. Lawal ya sani. Da shi aka yi jana'iza.

Bayan isha'i na jona shi da batir, hoto ya fito tar, har na ji daɗi. Sai na zare kaset ɗin zan hura masa iska, yadda Yaya yake yi kullum kafin mu fara. Wasan bai tsaya ba. Kaset yana hannuna, ɗan mutumin cikin wasan yana ta tsalle a talabijin.

Na kwance bayan injin. Wayam! Wani ɗan abu ne kamar kwalin ashana aka manna da gam.

Na kira Lawal. Wai, "Haba Malam, ai gata na yi maka. Wancan ya tsufa, wannan kuwa duk wasan da kake so yana ciki." Na ce ina kayan cikin? Ya ce ya sayar wa 'yan gwangwan, gidansa ba a ɗora tukunya ba.

Yunwa na san ta, wallahi da ya tambaya. Abin da ke cin raina shi ne da ya mayar da kaset ɗin mazauninsa don kada in gane.

Na sake hura shi dai, na mayar. Ba abin da ya rage a ciki da ya san Yaya.