Katin da Ke Cikin Kwalin Awarwaro

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, Ya ba Inna sauƙin ƙafarta, Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi. Ni ma lafiyata lau, sai kewarku.

Yaya, kin san aikina: muna narkar da ƙwanson harsashi da ake kwasowa daga ƙasashen da yaƙi ya ci, mu ƙera awarwaro da 'yan kunne, don masu saye su san halin da mutanenmu ke ciki. Abin da ban gaya miki ba shi ne, kowane kwali akwai kati da hotona, an rubuta wai a gabana aka harbe maigidana. Ke kin san ciwon suga ne ya tafi da shi, bayan an rufe asibiti, allura ta yanke. Na yi wa mai kamfanin magana, ta ce ai duk yaƙin ne, kuma labarin allura ba ya taɓa zuciyar mai saye. Takardar zamana a ƙasar nan da sa hannunta ake sabunta ta, sai na ja bakina. Shekara biyu ina tsayawa wurin baje koli ina maimaita ƙaryar, mata suna rungume ni suna kuka.

Makon jiya wata dattijuwa ta riƙe hannuna, ta tambaye ni abin da maigidana ya faɗa na ƙarshe. Yaya, bakina ya ƙi maimaita ƙaryar. Na gaya mata ruwa ya roƙa, kwana huɗu yana roƙon ruwa, babu wanda ya harbe shi. Ta sayi awarwaro biyu ta tafi. Washegari aka mayar da ni ɗakin baya mai taga ɗaya, ina goge tagulla daga safe zuwa la'asar. Katin kuwa yana nan ana sawa. Takardata saura wata biyu. In ba ta sa hannu ba, ban san inda zan dosa ba.

Don Allah ki je wurin mahaifiyarsa da kanki, tun kafin wani ya nuna mata katin a waya. Ki ce mata ɗanta a kan cinyata ya cika, da kalmar shahada.

Ki gaida Inna, da Kawu mai keken ɗinki, da Goggo, da Auta.

Ƙanwarki.