Sifikar motar Oga na yin tas-tas, kuma wani za a kora a kan laifina

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, don akwai 'yan kamfaninmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu gyaran wayarin ɗin mota da kuma manya masu hankali, wallahi kaina ya kulle, na rasa ta inda zan ɓullo wa lamarin nan.

Ni direba ne a wani kamfanin roba a Challawa, manaja nake tuƙawa, shekarata ta shida ke nan. Shi yana zaune a Hotoro, ni kuma a Panshekara da matata da yara huɗu. Wanda ya samo mini aikin wani dattijo ne mai wayarin ɗin kamfanin, zan kira shi Baba Idi duk da ba sunansa ba ne. Duk wata mota da ke harabar nan, daga manyan motocin kaya har ta Oga, idan wuta ta ɗauke ko fitila ta mutu shi ake kira, ya fi shekara ashirin a wurin. Shi ya tsaya mini garanto, ya sa hannu a takarda cewa ya san ni ya san gidanmu.

To matata tana yin zoɓo da kunun aya, wata dattijuwa mai abinci a bakin get ɗin kamfani ce take sayar mana idan ma'aikata sun fito hutun rana. Da a adaidaita ake kai kayan, sai kuɗin mota ya zo yana cinye ribar gaba ɗaya. Ni da wayona sai na ce ai ga mota a hannuna, idan na sauke Oga da safe ya shige ofis ba ya nemana sai wajen sha ɗaya, Panshekara kuma ga ta nan kusa. Sai in ce zan je shan mai ko wankin mota, in zaga gida in ɗauko kula biyu in ajiye a bayan katanga. Na san doka ta hana, an taɓa korar wani direba saboda buhun gawayi kawai da aka gani a but ɗinsa. Amma na yi wata takwas ina yi ba abin da ya faru, har na daina jin tsoro.

Ranar da abin zai faru wani cikin ma'aikata ne aka yi masa haihuwa, ya ce a yi masa zoɓo mai yawa zai raba wa 'yan shif ɗinsu. Gorunanmu ba su isa ba, sai matata ta zuba a babban bokiti mai murfi. Ina tafe a hanyar nan tamu da duk wanda ya san Challawa ya san ramukanta, wata tirela ta fito daga wani get ba ko hon, na taka birki da ƙarfi, sai na ji ƙuuu a baya. Da na buɗe but, innalillahi, ja wur ko'ina. Na ruga wurin wankin mota aka ciro kafet aka wanke, aka goge, na shanya a rana, na fesa turare. Sha ɗaya ta yi ina bakin ofis kamar ba ni ba. Abin da ban sani ba, ashe a gefen hagu na but ɗin, bayan wani murfin roba, akwai akwatin da ke ƙara wa sifiku ƙarfi, amfilifaya. Ni tuƙi na iya, ban taɓa sanin akwai wani abu a wurin ba.

Kwana uku bayan nan muna hanyar Bompai, Oga yana baya yana sauraron labarai, sai kawai muka ji TAS! Bawan Allah ya dunƙule ya yi ƙasa da kai yana salati, ni kaina na zaci taya ce ta fashe. Daga ranar shi ke nan. Da safe lafiya lau, da mota ta ɗau zafi sai ta fara, tas, tas-tas, wani lokaci kamar ana soya gurguru. A rage murya tana yi, a canza tasha tana yi. Shi kuma Oga duk wayoyinsa ta sifikar mota yake amsawa, yana cikin magana da masu sayen kaya sai ta harba, na can ɓangaren ya ce lafiya kuwa Alhaji? Ga shi da hawan jini, ga saurin fushi.

Aka kira Baba Idi. Jama'a na ga aiki. Ya fara da kan batir, ya kwance ya kankare ya ɗaure. Ya bi wayar da ke kama jikin mota ya goge tsatsar wurin ya mayar. Ya mai da sauti gaba, ya mai da shi baya, hagu, dama, yana kara kunne a kowace ƙofa don ya gane wace sifika ce. Ya canza sifiku biyu na ƙofofin gaba. Ya zare robar da wayoyi ke bi ta cikinta tsakanin ƙofa da jikin mota ko wata ta gutsure. Ya gwada altaneta mai cajin batir, ya ciro rediyon gaba ɗaya ya duba bayansa. Duk wanda ya yi sai ta yi shiru kwana ɗaya, mu ce alhamdulillahi, washegari da azahar ta dawo.

Ga inda laifina yake, kuma shi ne abin da ke cina. Sau biyu Baba yana tambayata. Na farko yana kwance a ƙarƙashin sitiyari ya ce, ɗana, motar nan ba ta taɓa shan ruwa ba, ko wajen wanki ko wani kududdufi? Na ce a'a Baba. Na biyu bayan sati biyu, ya zaunar da ni a benci ya ce in tuna da kyau, don irin wannan ƙarar ya fi saninta da inda danshi ya shiga. A lokacin zuciyata ta riga ta raya mini zoɓon nan ne, amma na dubi tsabar idon dattijon nan na ce wallahi ban san komai ba. Har da wallahi. Allah Ya yafe mini.

Abin ya ƙara lalacewa ranar da muka ɗauko wasu baƙi daga filin jirgi, Oga yana ta nuna musu shi babban mutum ne, motar ta dinga harbi tun daga hanya har Sharada, ɗaya daga cikinsu yana ta dariya. Da muka dawo ya sa aka kira Baba, a gaban leburori da masu gadi ya wanke shi tas. Ya ce ya tsufa, kunnensa ya mutu, sati biyar ya kasa gyara rediyo, yana ta sa kamfani sayen kayan da ba su ne matsalar ba, zai kawo masu na'ura daga cikin gari. Baba ya ce a yi haƙuri ranka ya daɗe. Ina tsaye a wurin da mukulli a hannu ina kallo.

Shekaranjiya Litinin Baba ya ce in buɗe masa but zai bi wayoyin baya. Yana ɗaga kafet sai ya tsaya, ashe kiyashi ya gani sun yi layi suna shigewa bayan murfin robar nan. Ya ɓalle murfin, ya kwance akwatin, ya buɗe. Cikinsa duk ya yi ja ya daskare, yana danƙo. Ya sa farce ya kankaro ya kai hanci, ni kaina daga inda nake ina jin ƙamshin citta da kanumfari. Kuma Baba ya san zoɓon gidana, kullum sai na ajiye masa gora ɗaya. Ya ɗago ya dube ni, ni dai na sunkuyar da kai. Ya sa tsumma ya goge bayan akwatin ya mayar ya ɗaure.

Daga nan ofis ya wuce. Abin da ya gaya wa Oga shi ne ya gano matsalar, amfilifaya ce ta lalace, kuma shi ne ya haɗa waya ba daidai ba wani lokaci da ya yi wa motar aiki. Oga ya ce ai dama ya faɗa, a rubuta masa takarda, ranar Juma'a ya ajiye aiki.

Na same shi a bayan masallacin kamfani bayan la'asar, wallahi ina kuka kamar ƙaramin yaro, na ce Baba ku bari in je in faɗi gaskiya. Ya ce, "Ka je ka ce me? Ni na tsaya maka, yanzu kuma na yi masa ƙarya da bakina. Ka faɗa mu tafi mu biyu. Ni nawa sun girma, kai naka ko firamare ba su gama ba." Ya ce abu ɗaya ne ya ɓata masa rai, da na gaya masa tun ranar farko, da ya ciro akwatin ya wanke ya busar kafin ya ci wuta, ba wanda zai ji labari. Kuma maganar nasa sun girma ba haka take ba, na san gidansa, akwai marayun 'yarsa uku a hannunsa.

A gida ma ba sauƙi. Matata ta ce tunda Baba da kansa ya ce a yi shiru to in yi shiru, in na rasa aikin nan me za mu ci, har ta ce ai ita ba ta ce in ɗauka a motar mutane ba. Na yi mata tsawa, ta yi kuka, kwana biyu ke nan gaisuwa kawai muke. Yayana kuma ya ce ko za a kore mu mu goma in je in faɗa, don haƙƙin dattijon nan ba zai bar ni ba, kuma duk albashin da zan karɓa bayan Juma'a in san na wane ne nake ci. Na so in tari Oga jiya a mota, na buɗe baki ke nan sifika ta yi tas, ya ja tsaki ya fara zagin Baba, sai na haɗiye maganata. An yi odar sabon akwati amma bai iso ba, haka nake yini da ƙarar nan a kunnena.

Masu wayarin, don Allah, amfilifayar da zaƙi ya daskare a cikinta sati shida tana gyaruwa? Akwai abin da ake wanke ta da shi ta daina, ko Oga zai huce in ya ga Baba ya gyara kafin Juma'a? Sauran 'yan uwa kuma, in faɗa ne mu rasa mu biyu, ko in bi maganar Baba in bar shi ya tafi da laifin da ba nasa ba? Akwai hanyar da zan faɗa a kore ni ni kaɗai a bar shi?

Yau Laraba. Ɗazu da safe Baba ya kira ni gefe, na zaci zai ce ya canza shawara. Ashe roƙona yake, wai ranar Juma'a in Oga ba zai fita ba, in taimaka in riƙe masa akwatin kayan aikinsa zuwa bakin titi, don gwiwarsa ba ta son nauyi. Na ce to Baba. Don Allah ku gaya mini abin da zan yi kafin ranar.