Goron da Aka Dawo Mana da Shi

Assalamu alaikum, Yaya Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya zafin Libiya, yaya kuma ciwon ƙafar? Mu nan unguwar Sabo lafiya lau, sai dai ɓacin rai.

Ka ce Larabawa na kiranka bawa a wurin aiki. To, kada ka ɗauka a gida an daina.

Watan jiya samarin unguwa suka shirya taro a unguwar Mokola don tunawa da ƙarshen cinikin bayi. Alhaji Mudi, dillalin albasa na kasuwar Bodija, shi ne babban baƙo. Ya yi ta tsine wa Turawan da suka ɗaure baƙar fata da sarƙa, har da share hawaye. Na tafa masa sosai, don 'yarsa ɗana Kabiru yake nema da aure, mun ma kai goron gaisuwa.

Ba a jima ba sai ga ƙanwar Alhajin da huhun goron, ko kwance shi ba su yi ba. Ta ce, "Hajiya, sai haƙuri. An bincika a Kano, an ce kakarku sayo ta aka yi."

Na ce, "Wanda ya sayo ta fa, Bature ne?"

Ta juya, ta fice.

Kabiru ko kasuwa ya daina fita. Ka sa shi a addu'a, ka gaida min yara. Ka kuma yi wa Inna addu'a, kakarmu da ta goya mu. Tana kabari, amma har yau ba a 'yanta ta ba.

Ƙanwarka,
Saude