Huji a Jirgin Taavi

Kallaste, 9 ga Satumba

Zuwa ga abokina Foma,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sabon ƙugun da likitoci suka sa maka? Ina fata 'yarka ba ta gaji da mitarka ba. Da waya zan kira, to kai da kurma ba ku da maraba, ni kuma ba a banza na yi shekara uku a makarantar yamma da furfura a kaina ba.

Albishirinka. Jikata Leelo ta fara tafiya. Taku huɗu ta yi ranar Lahadi, daga ƙafar tebur zuwa gwiwata. Ba uwarta ta nufa ba, ba ubanta ba, ni. 'Yata Eha ta ce wai burodin hannuna ta biyo. Hassada ce kawai.

Sai labari mara daɗi. Jirgin ruwan alminiyam ɗin da ka sa surukina Taavi ya saya bara ya kusa halaka shi. Ranar Talata iskar gabas ta taso yana can nesa wurin taru, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa ta ƙarƙashin katakon da ake takawa. Hannu ɗaya a inji, ɗaya yana kwarfa da bokiti, haka ya iso kwatar jirage da ƙyar. Ka tuna na ce a sayi na faiba, robar nan mai tauri da nauyi, wanda ke yanka igiyar ruwa, ba ya rawa kamar murfin tukunya. Kai ka ce duwatsun gaɓarmu za su fasa faiba, kuma mutum ɗaya ba zai iya jan sa tudu ba. Taavi ya ɗauki taka ya bar ta uban matarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ana maganarka a kanti. Arvo masunci ya ce, "Shekara arba'in yana walda, ashe gwangwanin kifi ya sani, ba jirgi ba." An yi dariya. Taavi kuwa ya ce ko cokali ba zai ƙara kawo maka gyara ba.

Ka huta lafiya. Naka,
Vambola

Tartu, 14 ga Satumba

Vambola,

Na amsa gaisuwa. Ƙugu da sauƙi, ina tafiya da sanda. Allah ya raya Leelo.

Ka ce an yi dariya. Ba ka ce ko kana cikin masu yi ba.

Alminiyam ba ya hujewa haka kawai cikin shekara guda. Ni na zaɓi jirgin nan, kowane ɗinkin walda sai da na bi shi da yatsa. In dutse ne, za a ga lotsawa. In ɗinki ne ya saki, tsaga ce doguwa, kuma laifina ne, zan zo da sandata in faɗa a gaban Arvo. A ɗaga katako, ka rubuto mini siffar hujin.

Hannuna ya fara rawa, kunne ya tafi. Sunana kaɗai ya rage mini a garinmu.

Sai na ji daga gare ka,
Foma

Kallaste, 23 ga Satumba

Foma, ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Takarda ta uku ke nan, biyu suna cikin murhu.

Na yi dariyar. Har tawa ta fi ta Arvo ƙara.

Da wasiƙarka ta iso, na tafi kwata ni kaɗai na kwance katakon. Hujin ba tsaga ba ne. A zagaye yake, gefensa ya yi fari kamar an barbaɗa gari, kuma a bakinsa ga kwabon babana, ya yi kore.

Ka san kwabon, babban nan na jan ƙarfe. Baba ya sa shi a gindin jirginsa na katako, ni ma na sa shi a nawa, kamar yadda ake yi wa kowane sabon jirgi don ya dawo da mai shi gida. A makon da aka haifi Leelo aka kawo jirgin Taavi. Murna ta cika ni, na ce jirgin da zai ciyar da yarinyar nan ba zai shiga ruwa hannu rabbana ba. Na san Taavi zai ce camfin tsofaffi ne, shi ya sa na cusa shi a ɓoye.

Na jefa kwabon a aljihu na mayar da katako. Kwana shida ke nan. Jiya Taavi ya ce mini, "Baba, da na ji maganarka. Na faiba zan nema, kai za ka zaɓa." Na ce to. Leelo tana kan cinyata tana jan gemuna.

Gaya mini gaskiya, kwabo zai iya cin jirgi? In Eha ta ji ni na kusa mai da 'yarta marainiya, da wane ido zan shiga gidan?

Mai jin kunyarka,
Vambola

Tartu, 28 ga Satumba

Vambola,

Na amsa. Zai iya. Jan ƙarfe da alminiyam ba sa zama wuri ɗaya cikin jiƙa, balle ga ruwan gishirin da ke zuba daga bahon kifin Taavi. A katako ba ya komai, shi ya sa babanka bai sani ba. Ban ga laifinka a kwabon ba. A kwana shidan nake gani.

Ba zan gaya wa Taavi ba, bakinka ne ba nawa ba. Amma ba zan dawo garin da ake ce mini mai gwangwani ba. 'Yata ta ce ɗakin nan nawa ne har ƙarshe.

Ka zauna lafiya,
Foma

Kallaste, 5 ga Oktoba

Abokina Foma,

Gaisuwa da ban girma. Na faɗa.

A kanti na yi, ranar Asabar, lokacin da aka cika ana jiran burodi, Taavi yana cikin layi. Na ajiye kwabon a kan teburin awo na ce, "Ga wanda ya huda jirgin. Ni na sa shi. Foma ba shi da laifi." Sai Arvo ya ce, "Dattijo, wannan albarkar taka, don Allah kada ka sa wa nawa." Aka fashe da dariya, na tsaya a wurin aka gama ta a kaina. Taavi bai yi ba. Ya fita ko burodin bai karɓa ba.

Eha ta zo da yamma. Ta ce, "Baba, da ruwa ya tafi da shi fa?" Ta daɗe tana faɗa, duk gaskiya. Ba ta zo da Leelo ba, ni kuma ban tambaya ba.

Jiya na hango Taavi ya kife jirgin a kan tayoyi yana wanke shi. Mai shirin sayarwa ba ya irin wannan wankin. Har yanzu bai yi mini magana ba.

Ka dawo, Foma. Ka yafe mini.

Naka,
Vambola

Tartu, 10 ga Oktoba

Vambola,

Gaisuwa. Taavi ya zo har nan da kyafaffen kifi, ya yi ta ihu a kunnena yana ba ni haƙuri. Motar Alhamis zan hawo.

Na gaya masa hannuna yana rawa, sai da mai riƙe mini facin ina walda, kuma mutum ɗaya na yarda da shi. Ya gane kai nake nufi, ya ce to.

Ƙarfen zai yi zafi. Ka zo da safar hannu.

Sai mun haɗu a kwata,
Foma