Hoton Taurarin da Shinge Ya Tare

'Yata Mutmainna,

Assalamu alaikum. Ya mamanki, ya mutanen Lafiya? Ni kalau nake, raƙuman maigida ma suna gaisuwa.

Na gwada ɗauko miki hoton taurarin hamadar nan. Da ilimina na aji huɗun firamare, na kunna fitilar waya don in haska su. Ƙarfen shingenmu kawai ya fito, tar da shi.

Kin ce girman sama ya kai akwai taurarin da haskensu bai iso mana ba tukuna. Ni ko ƙofa ban wuce ba, fasfona yana hannun maigida.

Ranar bikin gama karatunki, kada ki ajiye mini kujera. Ki gaya wa mamanki ina hanya, kamar hasken nan.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Muntaka