Da Gangan Na Yi

Asabar, 1 ga Maris

Yau mun sake kashe dodon kogon gishiri. Karo na nawa, oho. Yana faɗuwa na yi hamma, Yaya ya ji ta cikin abin kunne, ya ce, "Auta, barci kake?" Na ce a'a, mura ce. Shekarata arba'in da ɗaya, 'ya'yana uku, ina yi wa yayana ƙarya a kan hamma.

A nan kaɗai zan iya faɗa: Tsohuwa ta fita raina. Haka ni da Yaya muke kiran wasan nan na intanet, don shekara takwas ke nan muna shigarsa duk Asabar ƙarfe huɗu na yamma. Kuma shekara takwas ni ne mai magani. Yaya ya ɗau garkuwa ya afka gaba a jibge shi, ni ina baya ina danna lamba uku ina cika masa jini. Jakarsa fal kwalaben magani, ba ya sha, wai yana ajiye su saboda ranar buƙata. In ya mutu kuma ya ce, "Da gangan na yi." Tun ranar da ya faɗo daga keke a gaban 'yan matan layinmu yake faɗin wannan magana.

Litinin zuwa Juma'a ina tsaye bayan kanta a kemis ina miƙa wa mutane magani. Asabar in zauna in huta, in miƙa wa mutane magani. Haba!

Lahadi, 2 ga Maris

Matsalar Yaya ce, ba wasan ba.

Da mu biyar ne a ƙungiyar. Uku sun zame ɗaya bayan ɗaya, saura ni da shi. Garin da yake aiki tafiyar yini guda ce a mota, sai mu shekara ba mu ga juna ba. A waya kuwa ba mu iya hira ba sam. "Lafiya?" "Lafiya." "Yara?" "Lafiya." "To." Na taɓa dubawa, daƙiƙa talatin da takwas.

Amma in muka sa abin kunne, ido na kan dodo ba kan juna ba, sai bakin Yaya ya buɗe. A bakin kogon gishiri ya gaya mini likita ya ce yana da hawan jini. Muna jiran jirgin ruwan wasan ya ce mini har yanzu yakan ɗau waya zai kira Baba, sai ya tuna. In na bar Tsohuwa, abin da zai rage mana daƙiƙa talatin da takwas ne. Wannan ke ba ni tsoro.

Talata, 4 ga Maris

Na sauke wani sabon wasa a ɓoye. Leƙawa kawai zan yi.

Laraba, 5 ga Maris

Na jiragen sararin samaniya ne. Awa ɗaya da rabi na ɓata wajen ƙera fuskar mutumina. Gira kaɗai iri arba'in ce. Na ba shi hanci irin wanda na so a ce ni aka ba, na yi masa ɗan tabo a kumatu don a san ya ga duniya. Ana fara wasa suka kifa masa hular ƙarfe, suka ce ba a cirewa sai mataki na sittin.

Na goge shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na biyu na noma ne da kiwo, an ce yana kwantar da hankali. Na shuka kabeji layi shida, na shayar, na tafi cin abinci. Kafin in dawo wani maƙwabci ya saki awakinsa. Ya bar mini saƙo a ƙofar gona: "Barka da zuwa." Hankalina bai kwanta ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na uku na faɗa ne, kowa da kowa. Sau goma sha ɗaya mutum guda ya kashe ni a bakin ƙofar shiga, kowane karo sai ya taka rawa a kan gawata. Rawar ma ba ta da kyau.

A kemis yau wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, idonka ya yi ja, ka nemi magani mana." Ina tsaye a gaban kwalabe sun fi dubu.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi abin kunya. Ƙarfe uku na tura wa Yaya saƙo cewa intanet ɗinmu ya yi rauni, yau ba zan samu shiga ba. Na zauna ina jiran faɗa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Ba komai. Namu ma haka."

Ba komai? Shekara takwas ina tsince shi daga ƙasa, ba komai? Na so ya ɗan yi ƙorafi. Na san ni na yi ƙaryar, amma abin ya tsaya mini a rai har yamma. Ƙarfe huɗu zuwa shida na yi ta zagaye falo, har Madam ta ce in ba ni da aikin yi ga labule can ya ɓalle.

Na gyara labulen.

Litinin, 10 ga Maris

Madam ta tsaya a bayana ina ta duba jerin wasanni a kwamfuta, ta ce, "Baban yara, akwai wani na tsibirai, an ce yana da kyau. Ka shiga zaure na bakwai, nan ne babu cunkoso."

Na juyo na dube ta. Matar da duk dodon da ta gani a allo sai ta ce ƙadangare ne. Na ce a ina ta san zaure na bakwai? Ta ce, "A bakin mutane." Ta wuce kicin tana 'yar waƙa.

Talata, 11 ga Maris

Wallahi na tsibiran ya yi. Ruwa shuɗi, gadoji na igiya, dodanni da ban san ta inda za su ɓullo ba. Rabon da ƙirjina ya buga a wasa har na manta.

Da aka zo zaɓen sana'a ko kallon mai magani ban yi ba. Na ɗauki mayaƙi, ƙato, mai gudumar da ta fi shi tsayi. Na sa masa suna Ragargaji. Daga yau kowa ya ji da jininsa.

Alhamis, 13 ga Maris

An kore ni daga ƙungiya biyu.

Ashe mayaƙi gaba yake shiga. Ni kuwa da an fara faɗa sai in tsinci kaina a can baya, rungume da guduma, ina kallon jan layin jinin mutane ina cewa a raina, wancan ya kusa, wancan ma a taimaka masa. Shugaban ƙungiya ta biyu ya rubuto, "Malam mai guduma, kallo ka zo?"

A bakin tashar jirgi na haɗu da wani da shi ma aka koro. Mai magani ne, sunansa Likitan Daji. Ban taɓa ganin mai magani irinsa ba. Da ya hango dodo sai ya ruga da 'yar sandarsa yana kwaɗa masa a gwiwa, marasa lafiya na zube a bayansa. Na rubuta masa, "Ranka ya daɗe, aikinka a baya yake." Ya ce, "Naka kuma a gaba." Tunda babu mai son mu, muka haɗe. Da rubutu kawai muke magana.

Juma'a, 14 ga Maris

Likitan Daji ya ce gobe ƙarfe huɗu yana da sarari, mu gwada tsallaka doguwar gada. Na ce to. Sai da na rufe kwamfuta na tuna gobe Asabar ce.

Asabar, 15 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Na tura wa Yaya cewa muna da baƙi. Ya ce shi ma wani uzuri ya taso masa. Na ji babu daɗi, amma na shiga.

Doguwar gada igiya ce da katako, teku a ƙasa. Muna tsakiya wasu tsuntsaye masu haƙora suka sauko. Likita, kamar kullum, ya ruga gaba. Suka rufe shi da sara. Ina kallon layin jininsa yana zurarewa, rabi, kwata, saura ƙiris. Na rubuta, "SHA MAGANI!" Ya tsaya a tsakiyar sara ya rubuto, "Ina ajiye su ne."

Ban yi tunani ba. Yatsana da kansa ya tafi lamba uku, inda ya saba zuwa shekara takwas. A Tsohuwa, uku ita ce warkarwa. A nan, uku ita ce dukan da ke share duk abin da ke gabanka. Ragargaji ya ɗaga guduma ya sauke. Tsuntsaye suka watse, katako ya tashi, Likitan Daji ya yi sama yana juyi da 'yar sandarsa, ya faɗa teku. Tsulum.

Na dafe kai. Da ya farfaɗo a tashar jirgi na bi shi ina ta ba da haƙuri, na ce wallahi warkar da shi na so yi, hannu ne ya saba. Ya rubuto:

"Ba kai ba ne. Da gangan na yi."

Jaka cike da magani ba a sha. Rugawa gaba. Asabar ƙarfe huɗu. Uzuri.

Na rubuta, "Yaya?"

Likitan ya tsaya ƙiƙam, iskar wasan na kaɗa masa riga. Sai ga shi: "Auta?"

Sai ya ɓace. Ya fita daga wasan gaba ɗaya.

Daga kicin na jiyo Madam a waya tana dariya har da tari.

Lahadi, 16 ga Maris

Na titsiye Madam. Ba ta ko musa ba. Ita da matar Yaya ne suka ƙulla abin. Su da suke awa guda a waya ba tare da an kashe dodo ko ɗaya ba.

Wai Yaya ya gaji da Tsohuwa tun shekara biyu da suka wuce. Ya gaji da shan duka. Duk Asabar sai ya yi tsaki kafin ya kunna kwamfuta, matarsa ta ce to ka bari mana, ya ce, "In na bari, a ina zan riƙa jin muryar yaron nan?"

Yaron nan. Ni da furfura a gemu.

Na ce wa Madam wannan munafunci ne, an haɗa baki an mai da mu abin dariya. Ta ce, "Ku kuka mai da kanku, mu zaure kawai muka zaɓa." Na shiga banɗaki na daɗe. Sabulu ne ya shiga mini ido.

Talata, 18 ga Maris

Shiru daga Yaya. Ni ma shiru. Kowa ya kama kowa da ƙarya, an rasa wanda zai fara. Na san halinsa, in kunya ta kama shi yana iya wata uku bai ce uffan ba. Yau sau biyu na miƙa wa mutum maganin tari alhali na ciwon kai ya tambaya, Allah Ya sa suna dubawa.

In Asabar ta zo babu Tsohuwa, babu tsibiri, shi ke nan na kashe abin da hannuna.

Alhamis, 20 ga Maris

Saƙon Yaya ya shigo ina cikin jera kwalaye.

"Asabar."

Na ce, "Wanne?"

"Na tsibiri. Amma ni ne likita."

Na ce, "Za mu mutu."

"Na sani."

Asabar, 22 ga Maris

Sau tara muka mutu. Bakwai laifinsa, ya ce huɗu. Mun sa abin kunne. Ba wanda ya ta da zancen intanet mai rauni ko baƙi. Na koya masa inda mai magani ke tsayawa, ya ce daga nan ai ba a ganin komai, na ce yanzu ka san abin da na gani shekara takwas, bayanka. Ya yi dariya har abin kunnen ya yi ƙara. Ya koya mini shiga gaba. Ashe da ban tsoro. Ban gaya masa ba.

Na liƙa 'yar takarda a kan lamba uku don kada a kuma.

Gadar dai ba mu tsallaka ba.

Talata, 25 ga Maris

Ba wani abu yau. Aiki, gida. An kawo sabbin kaya kemis, bayana na ciwo.

Da na tashi daga aiki, a hanya, na kira Yaya. Ba wasa, ba dodo, ba abin kunne. Na ce ina so ne in ji ko yana shan ƙwayar hawan jininsa ko ita ma ajiye ta yake saboda ranar buƙata. Ya ce in kiyaye shi. Daga nan muka shiga zancen gadar, sai zancen keken nan nasa, sai na Baba. Da na ajiye na duba: minti goma sha huɗu.

Matar Yaya ta riga ta kai rahoto kafin in iso gida. Madam ta tare ni a ƙofa tana murmushi, na ce mata kuskure ne, wayar ce ta danna kanta a aljihu. Ta ce to.

Da gangan na yi.